Sha-kauci a Lambunan Rayfield

Girmansa bai kai na gwara ba, amma idan hantsi ya bugi namijin sha-kauci sai ka ga kansa da bayansa na walƙiya, kore da shuɗi a cakuɗe. Macen kuwa ruwan ƙasa ce, ba ado ba ƙyalli, kuma ita ce mai aikin sheƙa: 'yar jaka ce take ratayawa a ƙarshen reshe, ciyawa da gashin tsuntsaye ɗaure da saƙar gizo-gizo, da ƙofa a gefe. Ƙwai ɗaya ko biyu take sakawa.

A unguwar Rayfield ta Jos, inda tsoffin ramukan kuza suka zama tafkuna, filin wasan golf kuma ke nan tun 1913, da wuya ka zauna a lambu da sassafe ba ka ji 'yar siririyar muryarsa ba. Bakinsa dogo ne mai lanƙwasa, harshensa kuma bututu, domin zuƙar ruwan zaƙin fure.

Tsakaninsa da kauci akwai tsohuwar yarjejeniya. Kauci ba ya taɓa ƙasa. A kan reshen ɗorawa, kaɗanya, gwaiba ko lemo yake kafa kansa, yana tsotsar ruwan mai masaukinsa. Furanninsa kan fito a dunƙule, kamar tsinken ashana mai jan kai, kuma a rufe suke jiran tsuntsun. Da ya zura baki sai furen ya tsage farat ɗaya, ya watsa masa gari a goshi, shi kuma ya kai garin ga fure na gaba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai dai ba kullum yake cika alkawari ba. Idan ya tarar da furen da ya fi ƙarfin bakinsa tsawo, huda shi yake yi ta gindi, ya sha, ya tashi bai biya ko anini ba.

Masu maganin gargajiya sun daɗe da sanin darajar kauci, kuma ba sa ambatonsa sai da sunan bishiyar da ya hau: kaucin tsamiya daban, kaucin kuka daban. Wasu na haɗa shi cikin sirrin farin jini da na kasuwa. Wannan tsakaninsu ne da masu saye. Mai gonar lemo dai tsinuwa yake bin sa da ita, kuma yana da gaskiya, domin idan ya yi yawa yakan busar da reshe.

A dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI ta Jami'ar Jos ta lissafa tsuntsaye iri wajen 300, kuma dangin sha-kauci iri-iri na cikinsu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gidan wannan shi ne furen duwatsun Filato, ba ciyawar da aka aske ƙwal aka fesa wa magani ba. Mutane na mantawa cewa ruwan fure abincin manya ne. 'Ya'yansa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo ake renonsu. Wanda ya ƙarar da ƙwarin lambunsa ya kori tsuntsun.

Gyaran ba shi da tsada. Minjirya na kamawa daga reshe idan aka kafa ta da damina, ta ba da jan fure da rani lokacin da komai ya bushe. Kabar giwa, wadda ke fitowa a tsakanin duwatsu, tana son rana da ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya. Irinta za a ɗebo, kada a tumɓuko uwar daga dutse. Mai lambu a Rayfield, idan ka ga kauci a tsohuwar bishiyar da ba ka jiran 'ya'yanta, rage shi, amma ka bar wa sha-kauci reshe guda.