Alƙalami Ma Yana da Ranar Girki

Na san wata tana ganin kan maganar nan za ta tuntsire da dariya ta ce yau kuma kishiyoyi aka samo mana a cikin jakar makaranta. To ki yi dariyarki, amma in dai kina da alƙalami mai shan tawada fiye da ɗaya, wallahi gidan mata kike riƙe da shi, kuma in ba ki iya rabon kwana ba, wanda kika fi so shi za ki fara rasawa.

Ba biro nake nufi ba. Biro ba ruwansa, ki jefa shi a loka ki manta har wata 3, ki dawo ki ɗauka ya ci gaba da aikinsa, saboda tawadarsa mai kauri ce mai maiƙo, ba ta saurin bushewa. Sunan ma na mutum ne, wani ɗan jarida ɗan ƙasar Hangari, Laszlo Biro, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, sannan kamfanin Bic na Faransa ya cika duniya da nasa samfurin daga 1950. Ina magana ne a kan alƙalamin nan mai bakin ƙarfe da ake tsomawa a kwalba ya sha tawada ya ƙoshi, irin wanda iyayenmu suka yi makaranta da shi. Waya ta ƙwace mana yawancin rubutu, gaskiya ne, amma irinsa bai ƙare a gidaje ba. Wata ta gaji na babanta, wata an ba ta kyauta ranar raba kyaututtuka a makaranta, wata kuwa, to, "yayan ƙawarta" ne ya kawo. Kafin ki farga sun zama 3 ko 4 a hannunki.

Ga yadda abin yake faruwa. An kawo miki shi cikin kwalinsa, an naɗe da takarda mai ƙyalli, wataƙila har da ɗan kati an fesa masa turare. Daren nan ba barci. Kin cika shi da tawada, kin tsara amsa shafi 2, kin gwada sa hannunki sau 20 a bayan littafin lissafi, har da jera sunanki kusa da nasa, kar ki ce min ba kya yi. Daga nan sai ki ce ai wannan ya fi ƙarfin zuwa makaranta, kar a sace, kar ya faɗi. Ki mayar da shi kwali ki tura can ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofi da kwalaben humra, da tawadarsa a cikinsa. Shi kuwa ɗan Hero ɗin nan na China da murfinsa ya tsage, wanda ba kya ko kallonsa da daraja, kullum yana hannunki yana kwafar darasi. Bayan wata 5 wata muhimmiyar wasiƙa ta taso, ki ɗauko mowar taki ki ɗora a takarda, ƙememe ta ƙi cewa uffan. Borar kuwa tana nan tana zuba rubutu kamar ruwa. A gidan alƙaluma son da ake wa mowa shi yake kashe ta.

Ki zare murfin ki dubi bakin da kyau. Za ki ga siririyar tsaga ta raba shi biyu tun daga tsini, a yawancinsu har zuwa wani ɗan rami. A ƙarƙashin bakin akwai wani baƙin abu mai tsage-tsage kamar matsefi, ni maƙogwaro nake ce masa, a cikinsa kuma akwai hanyoyi sirara kamar silin gashi. Tawada tana bin hanyoyin nan ne kamar yadda kalanzir ke hawa lagwanin fitila ba tare da wani ya tura shi ba. Kuma duk ɗigon da ya fita dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, kamar in kina tsiyaye jarka kina jin tana ɓul-ɓul. Daidaita fitar tawada da shigar iska shi ne ya ɗaga sunan Lewis Waterman na birnin Niyok a Amurka, wanda ya yi rajistar alƙalaminsa a 1884. In naki irin mai lulluɓaɓɓen baki ne, kamar Hero 616 ko Parker 51 da aka fara sayarwa a 1941, wanda shi Hero ɗin ya kwaikwaya, ba za ki ga maƙogwaron ba, amma yana nan a ciki.

Ita kuwa tawadar, mafi yawanta ruwa ne da ɗan rini. In kina rubutu kullum, sabuwa tana wanke hanyar tana wucewa. In kin ajiye, ruwan yana gudu a hankali ko da murfi a rufe, rinin ya yi ta kauri har ya daskare ya toshe hanyoyin nan, kamar kokon da aka bari ya kwana a ludayi. Shi ke nan duk ciwon. Ba maita ba ce, ba kuma wai an sayo miki jabu ba ne, don na ji wata tana zagin bawan Allah a kan ya yi mata rowa, alhali ita ce ta kashe abinta.

Sannan ga yanayin ƙasarmu. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke fasa miki leɓe da dunduniya, wadda ke busar da wanki kafin ki gama shanya, ita ce dai ke shan ruwan tawadarki. Alƙalamin da zai jure mako 2 a ajiye da damina, da hunturu kwana kaɗan sai ya fara gardama, balle in murfinsa ba ya kama shi sosai. Da bazara kuma wata fitinar ce daban. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, iskar da ke cikin tumbin alƙalami ta kumbura ta tunkuɗo tawada waje. Wanda ya sha rabi ya fi yin wannan aman, domin iska ta fi yawa a cikinsa. Duk wadda ta taɓa buɗe murfi a aji ta ga yatsunta sun yi shuɗi, ko ta ga tabo a farin hijabin yunifom, ta san zancen. Don haka a jaka ko a aljihu bakinsa ya kalli sama, kuma kar a bar shi a rana ko cikin mota.

Ni dai ra'ayina, komai yawan alƙalumanki kar waɗanda ke ɗauke da tawada su wuce 2. In kin matsa, 3. Hannunki ɗaya ne. Ɗaya na aikin kullum, mai shuɗiyar tawada, ɗaya na wasiƙa da littafin sirri. Sauran duk a wanke su tas, su bushe, su kwanta. Alƙalami wankakke busasshe zai yi shekaru a akwati ba abin da zai same shi, in ban da 'yar jakar robar da ke cikin wasu tsofaffin, wadda dama tsufa ke cin ta. Abin da ba ya jurewa shi ne a bar shi ba aure ba saki, ga tawada a ciki ga ba a rubutu da shi.

Wasu suna raba kwanan da kalanda, wannan na wannan mako, wancan na mako mai zuwa. Ban ga laifinsu ba, amma ni ban iya ba, don yana sa ki zubar da tawada ko ki bar ta a ciki. Na fi son a bar alƙalami ya cinye abin da ya sha. Ranar da ya ƙare, ranar ya fita girki, a wanke shi, na gaba ya karɓa. Haka nake yi da rubutun littattafaina, don har yanzu sai na fara zuba labari a littafin rubutu kafin ya hau waya, kuma nakan tsinci kaina ina ƙara babi don kawai in ga na ƙarar da tawadar in ɗauko na gaba. Wanda yake bakin aiki kuwa, ko ba ki da abin rubutawa, ki ba shi haƙƙinsa, layi 2 ko 3 duk bayan kwana biyu. Ki rubuta cefanen gida da shi ma ya isa. Kuma don Allah ki sa mowar a layi. Kyauta ce aka ba ki don ki yi rubutu, in kina tsoron ɓarayin aji ki yi aikin gida da ita da daddare.

Wankin ba wuya. Ruwan sanyi mai tsabta kawai, in ruwan rijiyarku mai laka ne ko mai kanwa-kanwa ki fasa fiya wata ɗaya. Ki matse sauran tawadar, ki tsoma bakin a kofi, ki ja ruwa ki fesar, ki ja ki fesar, har sai ruwan ya fito fari. Zai ɗauke ki lokaci fiye da yadda kike zato, musamman mai lulluɓaɓɓen baki, shi kam yana riƙe tawada kamar mai riƙon zuciya. Mai amfani da 'yar robar tawada da ake sokawa, ki cire robar ki zuba ruwa ta baya ya bi ta baki ya fita. Daga nan ki naɗe bakin da tishu ko tsumma mai laushi, ki tsayar da shi a kofi kansa ƙasa ya kwana, ki bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu a inda ƙura ba ta kai. Ki leƙa cikin murfin ma ki goge. Kar ki rufe shi da danshi, musamman da damina, don yana iya yin fumfuna ko tsatsa. Ko wanda bai fita girki ba, kina ta sake cika shi, yana son wanka kamar sau ɗaya a wata, haka kuma duk lokacin da za ki sauya launin tawada.

Wanda ya riga ya toshe fa? Kar ki yanke ƙauna, yawancinsu suma suka yi ba mutuwa ba. Wata ƙawata ta kawo min Parker na marigayi mahaifinta tana hawaye, ta ce da shi yake sa hannu a katin sakamakonta tun tana firamare, tun rasuwarsa kuma yake cikin aljihun jakarsa da tawada, ga shi yanzu ya ƙi rubutu. Ba abin da muka yi masa illa jiƙa bakin a kofin ruwa, muna sauya ruwan safe da yamma. Ruwan farko baƙi ƙirin, na kwana na 3 ya koma kamar ruwan bula, a na 4 ya buɗe. Abin da ta fara rubutawa da shi sunan mahaifin ne, muka zauna muka yi shiru. In ruwa kaɗai ya kasa, ki ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke, sannan ki ɗauraye sosai. Ɓangaren bakin kawai ake jiƙawa, ba dukan alƙalamin ba.

Gaggawa ita ce ke ƙarasa shi. Ruwan zafi yana lanƙwasa roba. Kalanzir da fetur da sifirit da ruwan goge jan farce suna cin jikinsa, na ƙarshen ma narkar da shi yake yi. Reza ko allura a cikin tsagar baki kuwa, kin buɗe ta ke nan har abada. Haka masu danna shi da ƙarfi a takarda ko buga shi a tebur. In ya ɗan yi gardama da safe, ɗigon ruwa ɗaya a tsinin ya ishe shi, ba sai kin lasa da harshe ba.

Sai abin da ake ba shi ya sha. Tawadar allo, wadda ƙannenmu ke rubutu da ita da alƙalamin kara, ana haɗa ta ne da ƙaro, ƙaro kuwa manne ne, in ya bushe a maƙogwaron nan sai dai haƙuri. Haka tawadar hatimi da ta injin buga takardu da baƙar tawadar masu zane. Ki nemi wadda aka yi don shi, irin Quink ta kamfanin Parker, wadda take kasuwa tun 1931, ko Pelikan 4001. Shuɗiya ta fi sauƙin wankewa, a alƙalami da a tufafi. Ja takan bar tabo, ita da masu launi mai kauri ba a barin su su daɗe a ciki. Kar kuma ki haɗa tawadar kamfani biyu a kwalba ɗaya don neman sabon launi, wani lokaci sai su yi gudaji. Ki rufe kwalbar da kyau ki ɓoye ta daga rana, in kin ga wani abu yana yawo a samanta ko ta sauya wari, ki zubar.

Ranar da wanda ya huta zai dawo girki, ki cika shi tun da daddare, ki goge bakin, ki yi 'yan layuka a takardar banza har rubutun ya daidaita. Kar ki kuskura ki ɗauko shi daga akwati da safiyar jarrabawa. Ɗakin jarrabawa na wanda hannunki ya saba da shi ne, tare da biro 2 a gefe da fensirinki.

Ga kuma masu aro. Za ki ji ana cewa kar a ba da aron irin wannan alƙalami don bakinsa ya saba da hannun mai shi. Ɗan ƙwallon da ke tsinin ƙarfe ne mai tsananin tauri, rubutun minti 5 ba zai sauya shi ba. Abin tsoron shi ne hannun da ya saba da biro, wanda zai danna har bakin ya wage. In kunya ta hana ki hanawa, ki ce mata ta riƙe shi sako-sako, sannan ki zare murfin da kanki ki miƙa mata alƙalamin, murfin ya zauna a hannunki. Ba wadda za ta jefa alƙalami mai tawada a jakarta ba murfi, da ƙafarta za ta dawo miki da shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.