Lantarkin Mota Bayan An Sauya Rediyo

Da yawa daga cikin masu sayen mota, musamman ta hannu, abin da suke fara taɓawa shi ne rediyo. A cire wanda kamfani ya sa, a ɗaura mai allo, mai Bluetooth da kyamarar baya. Ba a jimawa sai ƙorafi ya biyo baya: batir na mutuwa cikin dare, fis na ƙonewa, sifika na shewa. Akan ɗora wa rediyon laifi, a ce jabu ne. Amma galibi lafiyarsa ƙalau, haɗin wayoyi ne ya ɓaci, kuma kowace alama tana nuna wayar da aka yi wa ba daidai ba.

Wayoyi uku

Ƙananan motoci suna aiki da lantarki mai ƙarfin volt 12. Lafiyayyen batir yakan nuna kimanin 12.6 idan injin na kashe, idan kuma ya tashi altaneta ta ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Rediyon kasuwa yana shan wannan wuta ta wayoyi uku. Rawaya ba ta rabuwa da wutar batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka adana. Ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ke ce wa rediyo ya farka ko ya kwanta. Baƙa kuwa ana ɗaure ta a ƙarfen jikin mota, domin ta nan wuta ke komawa batir.

Launukan nan na masu ƙera rediyo ne. Masu ƙera mota kowa da nasa, don haka wanda ya haɗa ja da ja kawai caca yake yi. Ko da soket ɗin da aka daidaita a ƙarƙashin ƙa'idar ISO 10487, wasu motocin Volkswagen da Opel sun musanya gurbin wayar dindindin da ta makulli. Alamar hakan ba ta ɓuya: duk sanda aka kashe mota, rediyo ya manta tashoshinsa, agogo ya koma sifili.

Batir da ke mutuwa a ajiye

Idan mai gyara ya rasa wayar makulli, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya murɗe ja da rawaya wuri guda ya jona su a wutar dindindin. Rediyo zai kama, a biya shi ya tafi. Sai dai na'urar ba za ta ƙara yin barci ba, ko da allonta ya yi duhu. Motar da ke ajiye bai kamata ta riƙa jan abin da ya wuce kimanin miliamfa 50 ba. A ce rediyo yana jan rabin amfa: batir mai amfa-awa 60 zai ƙare ƙarƙaf cikin awa 120, wato kwana 5, kuma tun kafin nan zai kasa juya injin. Sayen sabon batir a nan tamkar ƙara ruwa ne a randar da gindinta ya tsage. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a kashe komai, a jira kwamfutocin mota su lafa, a sa mita tsakanin kan batir na negatif da wayarsa, sannan a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ke satar wuta.

Fis, shewa da dusashewar fitila

A bayan rediyo akwai wayar hasken dashbod, wadda mita kan nuna kamar ta jikin ƙarfe ce muddin fitilu na kashe. Idan aka ɗaura baƙa a kanta, da rana komai lafiya. Dare na yi aka kunna fitila, fis ya tsinke, hasken dashbod ya ɗauke, a wasu motocin har da fitilun baya. Babban ganganci shi ne a cire fis mai amfa 10 a sa mai 20, ko a naɗa zaren waya a gurbinsa. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Idan aka hana shi, robar waya ce za ta narke a cikin dashbod.

Shewar da ke ƙaruwa idan an taka totur daga altaneta take shigowa. Yawanci baƙar waya ce aka ɗaure kan fenti ko tsatsa, ko kuma an jera wayar sauti kafaɗa da kafaɗa da babbar wayar wuta. Kankare wurin har ƙarfe ya fito da raba hanyar wayoyin kan kashe ta.

Wanda ya ƙara amfilifaya kuma sai ya yi lissafi. Mai ba da watt 600 tana iya jan sama da amfa 40, alhali altanetar ƙaramar mota ba ta cika wuce 70 zuwa 100 ba, ga fitilu da na'urar sanyaya mota suna jiran nasu kason. Shi ya sa fitila ke dusashewa duk sanda kiɗa ya buga da ƙarfi. Irin wannan na'ura tana buƙatar kakkaurar waya tata daga batir, da fis nata kusa da kansa, bai wuce santimita 45 ba.

Motocin zamani

Tun da kamfanin Bosch ya fito da tsarin CAN a 1986, sassan mota suka koma aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu. A motoci da yawa na yanzu babu wayar makulli a bayan rediyo sam, saƙo ne ke tada shi. Cire rediyon kamfani kan tafi da maɓallan sitiyari, a wasu motocin General Motors har da ƙarar gargaɗi. Maganinsa ɗan akwatin haɗi ne da aka yi domin wannan samfurin motar.

Saboda haka kafin a ba mai wayarin aiki, a tabbatar yana da mita, zai cire kan batir na negatif kafin ya fara, zai yi amfani da soket ɗin haɗi maimakon yanka wayoyin mota, kuma ba zai taɓa soket mai launin rawaya ba, domin yawanci na jakar iska ne. Bayan ya gama, a zare makulli a gabansa, a ga rediyo ya mutu, a kunna fitilu, sannan a biya.