Buɗe Manhajar PWA Ba Tare da Intanet Ba: Sharuɗɗa da Wuraren Tangarɗa

1.0 Gabatarwa

Manhajar PWA shafin yanar gizo ce da ake girkawa a waya ko kwamfuta, ta samu tambari a fuskar na'ura kamar sauran manhajoji. Alex Russell, wanda a lokacin injiniya ne a kamfanin Google, da Frances Berriman ne suka raɗa mata wannan suna a shekarar 2015. Sai dai girkawa kaɗai ba ta sa manhaja ta buɗe idan intanet ta yanke. Batun ya shafi manazarta Hausa, domin mai tattara waƙoƙin baka ko kalmomin karin harshe a karkara yakan buƙaci ƙamus a inda babu sabis. Wannan maƙala ta bayyana abin da ke sa manhajar ta buɗe a irin wannan hali, da abin da ke hana ta.

2.0 Ginshiƙai Uku

Ginshiƙi na farko shi ne manifes, wato ɗan fayil na JSON mai ɗauke da sunan manhaja da tambarinta da adireshin farawa. Shi ke ba da damar girkawa, amma ba ya adana komai. Na biyu shi ne hadimin bayan fage, wani rubutun JavaScript da ke tsayawa tsakanin manhaja da sabar, yana tare duk buƙatar da ta fita. Chrome ta fara karɓarsa a 2015, Safari kuwa sai a 2018. Na uku shi ne rumbun ajiya da burauza ke ware wa kowane shafi. Saboda tsaro, ba a yi wa hadimi rajista sai a shafin da ke kan HTTPS, ko a kwamfutar mai gwaji.

3.0 Yadda Aikin Ke Gudana

A ziyarar farko, wadda dole a yi ta da intanet, shafi yakan yi wa hadimi rajista. A matakin girkawa, hadimin zai sauko da fayilolin da aka lissafa masa ya zuba a rumbu. Idan an yi amfani da umarnin da ke ɗauko su a dunƙule, gazawar fayil guda takan rushe matakin baki ɗaya. Bayan ya fara aiki, duk lokacin da aka taɓa tambarin manhaja, burauza za ta nemi adireshin farawa, hadimi kuma ya amsa daga rumbu. Ga abin da ba ya yawan sauyawa, kamar ƙamusun Bargery na 1934, ya fi dacewa a fara duba rumbu. Ga labarai kuwa, a fara neman sabar, in ta gagara a koma rumbu.

4.0 Wuraren Tangarɗa

Babbar matsala ita ce saɓani tsakanin adireshin farawa da wanda aka adana. Ɗan ƙarin rubutu a ƙarshen adireshi ya isa ya sa rumbu ya ɗauke shi baƙo, sai fa an umarci hadimi ya yi watsi da ƙarin. Ta biyu ita ce hurumi: ikon hadimi, bisa al'ada, bai wuce jakar da aka ajiye fayil ɗinsa da abin da ke ƙarƙashinta ba, don haka wanda aka sa a ƙaramar jaka ba ya ganin babban shafi. Ta uku ta fi shafar Hausa. Idan salon rubutun da ke nuna ɓ da ɗ da ƙ, ko haruffan ajami, daga wata sabar yake zuwa kuma ba a adana shi ba, manhaja za ta buɗe amma haruffan na iya fitowa a gurɓace. Haka kuma, burauza na iya share rumbu idan waya ta cika, shi ya sa ake neman izinin ajiya mai ɗorewa.

5.0 Kammalawa

Gwajin da ya fi inganci shi ne a rufe manhajar gaba ɗaya, a kashe data, sannan a buɗe ta daga tambarinta. Ya kamata sassan Hausa masu shirin ɗora ƙamus ko taskar adabi a yanar gizo su sanya wannan gwaji cikin sharuɗɗan karɓar aiki daga masu ƙera manhaja.