Gashin Karfatar Akuya a Gida: Hikimar Gashin Sannu-Sannu

1.0 Gabatarwa

Nama yana da babban matsayi a cimar Hausawa, musamman a lokutan layya da suna da aure da saukar baƙi. Sai dai kuma gasa shi aiki ne da aka daɗe da bar wa mahauta da masu tukuba. Idan aka yanka akuya a gida, yawanci karfata takan ƙare ne a tukunyar miya ko a kaskon suya, domin waɗanda suka gwada ɗora ta a wuta sukan sauke ta baya ya ƙone, ciki kuwa da tauri kamar ganda. Wannan hasara ce ga magidanci, ganin yadda nama yake da tsada. Wannan babi zai yi bayani a kan dalilin taurin karfata, da yadda wuta kaɗan tare da dogon lokaci suke mayar da ita nama mai laushi, sannan da matakan da ake bi wajen gasa ta a gida.

2.0 Kalmomin Sarrafa Nama da Wuta

Hausa ta bambanta hanyoyin da nama yake haɗuwa da wuta, kuma kowace hanya da sunanta. Gashi shi ne nunar da nama da zafin garwashi ba tare da ruwa ko mai ba. Babbaka ita ce ƙone gashin jikin dabba, kamar yadda ake yi wa kai da ƙafa. Banda ita ce busar da nama ko kifi da hayaƙi domin ajiya. Suya da mai ake yin ta, dahuwa da ruwa, turarawa kuwa da tururi.

Kalmar gashi ta samo asali ne daga aikatau gasa, inda /s/ ta koma /sh/ a gaban wasalin /i/ ta hanyar ganɗantawa, kamar yadda ake gani a gasasshe. Wasalinta na farko gajere ne, wanda shi ya raba ta da gashi na kai mai dogon wasali. Idan aka ce nama ya gasu ko ya dahu, to aikatau ya shiga giredi na 7, mai nuna cewa aikin ya kai matuƙa. Gashin da ake magana a kansa a nan ya haɗa hanyoyi uku: yana farawa da gashi, ya ɗan taɓa banda saboda hayaƙi, ya ƙare da turarawa. Ya fi kusa da balangun da ake naɗewa a bari a gefen wuta, ya kuma yi nesa da tsire, wanda ake yanka shi siriri don ya gasu da wuri.

Wasu al'ummu ma sun san wannan hanya. A ƙasar Meziko akan naɗe naman tunkiya ko na akuya da ganye, a binne shi a rami mai garwashi ya kwana, suna kiransa barbacoa. Mutanen Sifen ne suka aro kalmar daga mazauna tsibiran Karibiyan na asali, daga gare ta kuma Ingilishi ya sami tasa kalmar ta irin wannan gashi.

3.0 Dalilin Taurin Karfata

Karfata ita ce kafaɗar dabba tare da allonta da saman ƙafar gaba. Wannan sashe yana ɗauke da nauyin gaban dabba, kuma kullum cikin aiki yake wajen tafiya da hawa da tsalle. Saboda haka tsokarsa cike take da jijiyoyi da tantani, waɗanda akasarinsu wani sinadarin furotin ne da masana kimiyya suke kira kolajin. Bugu da ƙari, akuya ba ta tara kitse a cikin tsoka kamar yadda rago yake yi, don haka namanta yana saurin bushewa.

Idan zafin cikin nama ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, zaruruwan tsoka sukan takure su matse ruwan da ke cikinsu. Wuta mai ƙarfi tana yin wannan aiki cikin 'yan mintoci, alhali kolajin bai narke ba. Shi kolajin yana fara narkewa ne sosai daga wajen digiri 70 zuwa sama, kuma yana bukatar sa'o'i kafin ya rikiɗe ya zama jelatin. Jelatin shi ne abin da ke sa romon ƙafar sa ya yi danƙo a leɓe, ya kuma daskare idan ya huce. Da zarar jijiyoyin karfata sun narke haka, sai tsoka ta saki, naman ya riƙa rabuwa da ƙashi da kansa. Ke nan jijiyar da ta jawo tauri ita ce kuma tushen daɗin karfata idan an ba ta lokaci. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Jan da bayan nama yake yi da ƙanshin da ke tashi kuwa, sakamako ne na haɗuwar furotin da sukari a kan zafi, wanda wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya fara bayyanawa a 1912. Wannan ya fi faruwa ne a busasshen waje, shi ya sa ake fara gashin a buɗe kafin a naɗe.

4.0 Zaɓen Nama da Kayan Aiki

Naman taure ko na matashiyar akuya ya fi dacewa, domin tsohon bunsuru yana da ƙarni. Jar akuya, wadda ta yawaita a ƙasashen Sakkwato da Katsina da Kano da Maraɗi, tana ba da karfata mai kyau. A nemi mahauci ya cire ta sukutum da ƙashinta, kada ya sassara, kuma ya bar ɗan kitsen da ke samanta. Karfata ɗaya takan kai kilo 1 zuwa 2.

Kayan aikin su ne rabin ganga ko faffaɗan kurfoti, da ragar waya, da murfi ko babbar tasa da za a kifa, da takardar alminiyam ko tukunya mai murfi. Gawayin ƙirya ko na marke ya fi, saboda yana daɗewa bai zama toka ba. Kayan ƙanshi sun haɗa da gishiri da citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari da barkono da albasa da ɗan man gyaɗa.

5.0 Matakan Gashi

Mataki na farko shi ne jiƙa nama da kayan ƙanshi. A tsattsaga karfata da tsinin wuƙa, a shafe ta da gishiri kimanin ƙaramin cokali 2 ga kowane kilo, a bi da dakakken kayan ƙanshi da aka kwaɓa da mai. Idan akwai firji sai ta kwana a ciki, idan babu kuwa kada ta wuce sa'a 1 a rufe kafin a ɗora. Yajin ƙuli ba ya shiga a wannan mataki, domin ƙuli-ƙuli yana ƙonewa ya yi ɗaci idan ya daɗe a wuta.

Mataki na biyu shi ne shirya wuta. A hura gawayi har harshen wuta ya mutu, toka ta lulluɓe garwashi, sannan a ture shi gefe guda. A ɗora naman a ɗaya gefen da babu garwashi a ƙarƙashinsa, a rufe, a bar 'yar kafa don iska. Zafin da ake so shi ne digiri 120 zuwa 140. Wanda ba shi da ma'auni sai ya riƙe tafin hannunsa a saman raga. Idan ya iya jurewa daƙiƙa 8 zuwa 10, to wutar ta yi daidai.

Mataki na uku, a bar naman ya sha zafi da hayaƙi kamar sa'a 2, ana juya shi duk rabin sa'a, ana ƙara gawayi kaɗan-kaɗan. Yawan buɗe murfi yana zubar da zafi ya ja lokaci.

Mataki na huɗu shi ne naɗewa. Idan bayan naman ya yi ja, sai a ɗora shi a kan yankakkiyar albasa cikin takardar alminiyam ko tukunya, a zuba ruwa rabin kofi, a rufe ruf, a mayar gefen wuta na sa'a 2 zuwa 3. Amfanin wannan shi ne, ruwan da ke fita daga nama yana sanyaya shi kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Rufewa tana tsare tururin, ta hana bushewa, ta kuma hanzarta narkewar jijiya.

Alamar nuna ita ce allon kafaɗa ya zame idan an ja shi, cokali mai yatsu kuma ya shige ba tare da turjiya ba. A wannan lokaci zafin ciki yakan kai wajen digiri 90. A sauke, a bar shi a naɗe minti 20 zuwa 30 domin romo ya zauna a cikin tsoka. Daga nan sai a yayyage, a zuba masa romonsa, a barbaɗa yajin ƙuli, a ci da gurasa ko waina ko sinasir.

6.0 Kiyaye Lafiya

Kada a yi wannan gashi a cikin ɗaki ko rufaffen shago, domin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa. Kada a hura wuta da leda ko roba ko katako mai fenti, kada kuma a naɗe nama da takardar buhun siminti ko jarida. Wuƙa da farantin da suka taɓa ɗanyen nama sai an wanke su kafin su taɓa gasasshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye a waje; abin da ya rage sai a sa a firji, ko a ɗumama shi sosai kafin a ci.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa taurin karfata daga jijiyoyinta yake, kuma maganinsa shi ne wuta kaɗan da danshi da sa'o'i 4 zuwa 5. An kuma ga yadda kalmomin gashi da banda da turarawa suke fayyace matakan aikin. Ɗalibin da ya kiyaye waɗannan kalmomi zai iya bayyana sana'ar fawa da harshenta, kuma ba zai yi hasarar naman gidansu ba.

8.0 Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin gashi da babbaka da banda, tare da misalai.
2. Me ya sa wuta mai ƙarfi ba ta dace da karfata ba?
3. Ziyarci wani mahauci, ka tattaro sunayen sassan jikin akuya guda 10 kamar yadda ake kiran su a karin harshen yankinku.