Katifar Da Ta Dace Da Mutum Mai Jiki

Mutum mai ƙiba ya fi kowa shan wahalar katifa. Sai ya sayi sabuwa da kuɗi mai yawa, kafin shekara ta zagayo ta lotsa a tsakiya kamar kwarya. Daga nan sai ciwon baya da na kwankwaso. Manomin da ya tashi da ciwon baya kuwa, ranar nan fartanya ta huta.

Dalili shi ne, nauyin mutum ba ya sauka bai ɗaya a kan katifa. Ƙugu da kafaɗu su ne suka fi dannawa. Idan katifa ta yi laushi, sai ƙugu ya nutse, gadon baya ya lanƙwashe har gari ya waye. Wanda ya kai kilo 100, wato nauyin buhun masara, yana bukatar katifa mai tauri da za ta riƙe shi.

Yawancin katifun da ke kasuwa na soso ne. Amma akwai wata iri da ake yi da ruwan itacen roba, wanda Turawa ke kira latex. Ana noman wannan itace a kudancin Nijeriya, kamar jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Ana tsaga bawonsa, farin ruwa kamar madara ya ɗiga cikin kofi. Shi ne ake bugawa ya yi kumfa, a zuba a mazubi, a gasa. Katifar roba tana da nauyi ƙwarai, ta ninka ta soso mai girmanta sau biyu ko fiye. In an danna ta aka saki, nan take take komawa. In an buɗe rigarta za a ga ƙananan ramuka a jere. Tana da tsada, kuma ba kowane shago ke da ita ba, amma ta fi soso daɗewa nesa ba kusa ba.

Kada kauri ko kyan yadi ya ruɗi mai saye. Katifa mai inci 12 da mutum zai ɗaga da hannu ɗaya, iska ce ta cika ta. Gara mai inci 8 da ke da nauyi da tauri. Sai dai nauyi ma yana yaudara, domin wasu na zuba garin alli a cikin soso don ya yi nauyi. Irin wannan ba ya daɗewa yake marmashewa. Saboda haka a nemi mai sunan kamfani da takardar garanti.

Babban gwaji shi ne kwanciya. Mai shago ba zai hana ba in yana son ciniki. Mutum ya kwanta rigingine na ɗan lokaci, ya tura tafin hannu ƙarƙashin ƙugunsa. In hannun ya wuce fayau, taurin ya yi yawa. In ya ƙi shiga sam, ta yi laushi. Sannan ya zauna a bakinta. In ya ji katakon gado a ƙarƙashinsa, ya bar ta.

Gado ma yana da nasa laifin. Gadon ƙarfe mai waya yakan saki, ya ja katifa ƙasa komai kyanta. A shimfiɗa katakai, kada ratar da ke tsakaninsu ta wuce yatsu uku. Duk bayan wata uku a juya ta, kai ya koma ƙafa.

An saba shanya katifa a rana. Ta rimi da ta auduga suna son haka, amma ta roba ba ta so. Rana tana busar da ita har ta tsattsage. In ta jiƙe, a jingine ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Fitila da maganin sauro na kunnawa kuwa, a ajiye su nesa da gado.