TARO BA GIDAN BIKI BA NE

Yau zancenmu a kan zuwa taro ne, kuma da kaina zan fara.

Ranar farko da na je taron marubuta a Kano, kwalliya na ci kamar mai zuwa kamu. Na zuba rubutun littafina a jaka, na sami kujerar can baya kusa da ƙawata, muka yi ta ƙus-ƙus muna kallon leshin mutane har aka shafa fatiha. Da na dawo Yayata ta ce, "To wa kika sani a can?" Wallahi na rasa amsa. Rubutun nan sai da ya ƙara shekara guda a ƙarƙashin katifa. Kar ki yi irin wautata, ko taron marubuta ne, ko na ɗalibai, ko na mata masu sana'a.

Bayan kin nemi izinin gida kin sami 'yar rakiya, abu na farko shi ne shiri, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki binciki su wa za su yi jawabi, ki karanta abin da suka rubuta. Ki san waɗanda suka share mana hanya: So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito tun 1980, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuma a 1990, har aka fassara shi zuwa Turanci a 2012. Wadda ta san irin wannan ba ta rasa abin faɗa a gaban manya. Sannan ki shirya bayanin kanki: sunanki, garinku, da abin da kike yi. Uku ɗin nan sun isa.

Ki je da wuri, ki zauna inda za ki ji sosai, da biro da takarda a hannunki. Wayar nan kuma ki kashe mata ƙara. In an ba da damar tambaya ki ɗaga hannu, ki yi sallama, ki faɗi sunanki, ki yi tambaya ɗaya tak a kan abin da aka faɗa, ki zauna. Zuciyarki za ta yi ta dukan uku-uku, ni ma haka na yi, har muryata na rawa. Amma da tambayar nan za a tuna ki. Leshi kam kowa ta sa nata.

Lokacin sallah da cin abinci, nan ake sanin juna. Ki saki hannun ƙawarki na ɗan lokaci, ki je wajen Hajiyar da ta yi jawabi, ki rusuna ki gaishe ta, ki ce, "Anti, maganarki a kan kaza ta shige ni." Kar ki fara da roƙo, kar kuma ki cinye mata lokaci alhali wasu na jira. In kin ga fuska, ki nemi izinin karɓar lambarta.

Kada ki raina sa'anninki da ke zaune gefenki. A farkon shekarun 1990 marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama a Kano, suna tallata littattafan juna. Ni ma a taro na biyu wata yarinya da muka raba ruwan leda da ita ce ta ba ni labarin gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ita ce kuma ta duba mini rubutuna kafin a buga.

To amma fa a yi hattara. Akwai masu zuwa taro farautar 'yan mata. Wani zai ce shi zai buga miki littafi, ki same shi a masaukinsa bayan Magariba. 'Yar uwa, ki ce masa ya zo gida ya ga Baba. Mai niyyar alheri ba ya tsoron zaure. Kuma kar ki kuskura ki miƙa wa kowa rubutunki in ba ki ajiye wani kwafin ba.

In kin koma gida kar ki bari kwana biyu su wuce ba ki aika saƙon godiya ba. Da rana, a gajarce, ki tuna mata inda kuka haɗu. Duk alkawarin da kika ɗauka ki cika shi, zumunta a ƙafa take.

Allah Ya haɗa mu da mutanen kirki, Ya tsare mana mutuncinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.