Zanen Ƙoda a Tsakar Gida: Aikin Yamma Ɗaya Ga Uwargida da Iyalinta

 Idan daga Kamarawa kike zuwa awon ciki, ko daga wani gari na ƙasar Isa da Sabon Birni, kin san tafiya zuwa Sakkwato ba ta gaggawa ba ce, musamman da yake rashin tsaro ya sa ba a son bin hanya da dare. Saboda haka akwai maganganun da ya kamata a gama su a gida tun kafin naƙuda. Ɗaya daga ciki ita ce: wa zai ba da wani abu na jikinsa in buƙata ta taso? Magana ce mai nauyi a baki, shi ya sa muke ba ki shawarar ki fara ta da zane.

Kayan aikin ba su da tsada. Ki sami takarda mai kauri, da biro, da kalar ruwa irin ta 'yan makaranta. In babu, ruwan zoɓo mai kauri zai ba ki ja, gangamau ya ba ki rawaya, bular wanki ta ba ki shuɗi. Masu zayyanar allo sun daɗe suna haɗa launi da abin da ke kusa da su. Tsinke da ɗan auduga a kansa ya isa buroshi. Ki fara shafa launi, ki bari ya bushe sarai, sannan ki bi gefe-gefe da biro. In tawadar allo za ki yi amfani da ita, wannan ya zama dole, domin ruwa na taɓa ta za ta naso. Kada ki damu idan jan zoɓon ya ɗan juya zuwa shuɗi bayan ya bushe, halinsa ke nan a kan wata takardar.

Ki sa yara su zana riguna biyu, dama da hagu. Ba sai an yi fuska ba. A rigar farko a sa ƙoda biyu, kowace da siffar ƙwayar wake, a sama da ƙugu ta wajen baya. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannu ba. A ja layi ja yana shiga, wato jini, da layi rawaya yana sauka zuwa mafitsara, wato fitsari. Aikin ƙoda ke nan dare da rana: ta tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa, ta kuma taimaka wajen daidaita bugun jini.

A riga ta biyu, a yi ƙodojin biyu da launi mai dushi-dushi, alamar sun gaza. Sai a zana ta uku da ja sosai, a ƙasa, wajen mara. A nan yara za su ce an yi kuskure, to ba kuskure ba ne. Idan aka yi dashen ƙoda, galibi ba a cire tsofaffin; sabuwar ake sawa a mara a haɗa ta da jijiyoyin jini da mafitsara. Mai karɓa yakan tashi da uku, mai bayarwa da ɗaya, kuma ɗayar tana riƙe lafiyayyen mutum ya ci gaba da nomansa ko kasuwancinsa. Sai a koma rigar farko a kewaye ƙoda guda da ɗigo-ɗigon biro, a ja kibiya zuwa riga ta biyu.

Wannan aiki ba na ƙasashen waje kaɗai ba ne. An fara cin nasararsa a 1954 a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma yi a 2002, shi kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya yi nasa na farko a 2025. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da sassan jiki. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ita ma ta hana cinikin. Duk wanda ya zo muku da zancen kuɗi a kan ƙoda, ku guje shi.

To ina ruwan mai juna biyu da wannan? Da farko, ba a karɓar ƙoda ko jini daga mai ciki, don haka kada wani ya matsa miki. Idan ɗan'uwanki ne ke wankin ƙoda kuma kina son ba shi bayan kin haihu, ki gaya wa likita ko kina da niyyar ƙara haihuwa. Wani bincike da aka buga a 2015 daga ƙasar Kanada ya nuna hawan jini na ciki ya sami kashi 11 cikin 100 na cikin da matan da suka ba da ƙoda suka ɗauka, alhali a sauran mata kashi 5 ne. Yawancinsu sun haihu lafiya, amma suna buƙatar awo a kai a kai. Wadda aka yi wa dashe ma tana iya haihuwa. An ga hakan tun 1958. Sai dai ta jira aƙalla shekara guda, kuma likita ya sauya mata wasu magungunan kafin ta ɗauki ciki, domin akwai masu cutar da ɗan tayi.

Abin da ya fi shafarki kuwa shi ne, haihuwa kanta tana iya lalata ƙoda. Zubar jini mai yawa yana hana jini isa gare ta. Jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa, da zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa ko ɓari, su ma haka. Sau da yawa ƙodar tana farfaɗowa in an zo asibiti da wuri, wani lokaci bayan an yi wankin ƙoda na 'yan kwanaki. In aka makara, wata ba ta dawowa, sai wanki sau biyu ko uku a mako, ko dashe. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, ko fitsari ya ragu ƙwarai, duk ba abin jira ba ne. Ki kuma bar shan maganin ciwon jiki na kemis ba tare da izinin ma'aikacin lafiya ba.

Shi ya sa zanen bai cika ba sai an ƙara abu guda. A ƙasan takardar a zana ledar jini, a cika ta da ja. Jini shi ne kyautar da ta fi sauƙi: lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa sama yana ba da abin da bai kai rabin lita ba, jikinsa ya mayar. Leda ɗaya ko biyu a kan lokaci suna iya tsare ƙodar mai jego, ta yadda zancen dashe ba zai taso ba.

Maigida, nan ne naka aikin. Ka karɓi biron ka rubuta a bayan takardar, da boko ko da ajami, rukunin jinin maiɗakinka kamar yadda aka gaya mata wurin awo, da sunayen mutum uku da suka yarda za su ba da jini, da lambar mai motar da zai fito in an kira shi. A liƙa zanen a bangon ɗaki inda kowa zai gani, ranar awo mai zuwa kuma uwargida ta riƙo shi tare da katinta ta nuna wa ungozoma.